Tsoho Mai Kwikwiyo da Fukafukan Tantabara

Abdulbaƙi bai yarda da tsohon nan ba. Kullum da safe in ya fito zai hau jirgin ƙasa zuwa makaranta, sai ya tarar da shi a filin ciyawar da ke bayan benensu a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar waje inda yake karatu, siriri, da gajeren wando, usur a wuya, ga jan kwikwiyo mai faɗin kunne a gefensa.

Tsohon yakan jefa wani ƙunshin tsumma da aka ɗaura wa fukafukan tantabara. Kwikwiyon na ta rawar jiki, amma ba ya motsawa sai an busa usur. Sannan ya ruga ya ɗauko, ya zo ya zauna, ya saka a tafin hannun maigidansa. Tsohon ba ya shafa kansa sai ya jujjuya ƙunshin ya ga babu shatin haƙori.

Abdulbaƙi jikan mafarauta ne daga Ningi, ya san aikin da ake koya wa karen nan. To amma a garin nan ina fakara, ina zabon daji? Kuma fukafukan kullum sababbi ne.

Yau dai ya kasa haƙuri. "Ankul, a ina kake farautar?" ya tambaya da Turanci.

"Babu farauta, lah," in ji tsohon, da 'lah' ɗin da mutanen garin ke ƙarasa magana da shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Wasa ne."

Abdulbaƙi ya dubi rufin da tantabarun unguwar ke taruwa, waɗanda yake watsa wa ragowar shinkafa. Farar nan mai ɗingishi da ya saba gani kullum ba ta cikinsu. Fukafukan da ke hannun tsohon farare ne.