Mangwaro Shida a Garkar Aro

Zanenta na fara gani, ba ita ba. Wani tsohon zane ne mai ruwan bula, an ɗaura shi a kan kara biyu a bakin tafki. Da na matso sai na ga wata dattijuwa a ƙarƙashinsa, ta lanƙwashe ƙafafu don su samu shiga ƴar inuwar, tana tsinke salati. Ina aji uku a kolej ɗin Madarumfa lokacin, kuma ta wannan hanya nake komawa gida kullum da rana.

A shekarun nan ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya da yayata take sayowa daga Katsina. Nakan ɓoye su cikin kaye, littafin rubutuna, ina karantawa a aji. Saboda haka duk wanda na gani sai na ƙaga mishi labari. Kafin in kai gida ranar, na riga na yanke cewa matar nan ta taɓa zama kyakkyawa a gidan daula, duniya ce ta juya mata baya. Gaskiyar ba ta kai haka ba. Mijinta masunci ne, ya rasu, ita kuma tana noman rani a wannan ƴar garka tana ciyar da jikoki biyu.

A makon ne mushenmu, wato malaminmu na tarihi, wani saurayi haifaffen Yamai, ya raba mu ƙungiya-ƙungiya, ya ce kowace ta nemo aikin da za ta yi wa gari. Wasu suka zaɓi sharar gidan likita, wasu cike ramukan hanyar kasuwa. Mu bakwai ne a tamu ƙungiya, ni ce mai rubutu. Na kawo maganar dattijuwar, na ce mu dasa mata mangwaro, ta samu inuwa, jikokinta su samu na sha. Na ƙara da cewa kada a gaya mata. A littattafan da nake karantawa, alheri a ɓoye ake yin shi, mutum ya wayi gari ya tarar, hawaye su zubo mishi. Wannan hawayen nake son gani.

Mu shida ƴaƴan ma'aikata ne da ƴan kasuwa. Ta bakwai ɗiyar manomi ce daga ƙauyen Sarkin Yamma, tana zaune wurin gwaggonta don karatu, ba ta cika magana ba. Ita ce ta tambaya ko garkar ta matar ce. Na ce to ta wa ce, ba ita ke ciki kullum ba? Ta ce a garinsu ba a dasa icce a gonar da ba taka ba. Wani cikin mazan ya ce to ai nan birni ne, ba Sarkin Yamma ba, aka yi dariya. Mushe ya karanta takardarmu, ya yaba, ya sa hannu.

Mun samo dashe shida a wurin masu renon itatuwa. Muka jira ranar da dattijuwar take kai salati Maraɗi, muka ari amalanken jaki, muka je da hantsi. Muka haƙa ramuka a jere a gefen garkar, muka zuba taki, muka kewaye kowane dashe da ƙaya saboda awaki. Masu garake na kusa suka dakata da ban ruwa suna kallonmu. Ba wanda ya ce mana komai. Na ɗauka sha'awa muke ba su.

Washegari da muka taso daga lakwal, wato makaranta, na bi ta wurin. Na tarar da dattijuwar tsaye, ba ta shiga inuwar zanen ba. Na gaishe ta, na ce mu ne. Ta dube ni tun daga takalmi har ɗankwali.

"Ɗiyata, wa ya aiko ku?"

Na ce ba kowa, Inna, don Allah muka yi.

"To kun kashe ni don Allah. Ƙasar nan aro ce."

A nan tsaye ta bayyana mini abin da kowane yaro na gidan noma ya sani. Garkar ta wani Alhaji ce, abokin mijinta, shi ya ara mata bayan rasuwar. Mai aro yana shuka abin da zai cire a shekara: salati, albasa, tumatir. Icce kuwa yana daɗewa fiye da wanda ya dasa shi. Idan mai aro ya dasa icce, to ya ce ƙasar tashi ce ke nan, kuma wata rana jikokinsa za su nuna iccen a gaban mai gari su ce ga shaida. Tun jiya da la'asar labari ya kai wa Alhaji cewa ta ɗauko ƴan lakwal da takarda sun kafa mata iyaka. Ya aiko cewa ta cire abin da ta shuka ta bar mishi wurinsa.

Ban yi kuka a gabanta ba, sai da na kai gida. Babata ta ji, ta ce in da na tambaye ta da ta gaya mini, amma ni ba na tambayar kowa sai littafi.

Yarinyar Sarkin Yamma ce ta faɗa mana abin yi. Ta ce kada matar ta tumɓuke da hannunta, kada mu ma mu yi a ɓoye. Waɗanda suka dasa su za su cire, da rana, a gaban mutanen da suka ga an dasa. Haka muka yi. Muka tone su ɗaya bayan ɗaya, muka jera a cikin daro, muka ɗauka a ka har ƙofar gidan Alhaji, mushe yana gaba.

Mun same shi a kan tabarma a zaure. Mushe ya yi bayani da Hausarsa mai gargada, ya ce laifinsa ne. Ni ma na durƙusa na ce ni na kawo shawarar, Inna ba ta san komai ba. Alhaji ya daɗe yana kallon daron.

"Na yarda ba ta sani ba," in ji shi. "Amma ƴaƴana sun gani, sun kuma fara magana. Yau yara ne suka dasa, gobe wa ya sani?"

Bai kore ta ba. Ya bar ta ta cire salatinta na wannan shekara. Da ruwan tafki ya ja baya a shekara ta gaba, sai ya ba ɗansa bakin ruwan, ita kuma ya nuna mata wani yanki can sama, inda sai an yi tafiya da bokiti kafin a kai ga ruwa. Mangwaron kuwa mun dasa su a filin lakwal, awaki suka cinye huɗu. A takardar ƙarshen shekara an ba ƙungiyarmu maki mai kyau, saboda mushe ya ce mun koyi abu.

Rani biyu ta yi tana jidar ruwa zuwa yankin na sama. Nakan je ranar Lahadi in kama mata, tana karɓa, ba ta taɓa tayar da maganar ba. A na uku gwiwoyinta suka gaza, ta mayar wa Alhaji ƙasarsa.

Bayan shekaru, ina koyarwa a Maraɗi, na je biki Safo na gan ta. Ta koma gidan ɗiyarta da ke aure can, tana sayar da dafaffen zogale da ƙuli a ƙofar gida. Idonta ya yi rauni, sai da na faɗi ko ni wace ce. Ta ce, "A'a, mai mangwaro ce?" Ta sa aka kawo mini tabarma, ta cika mini kwano da zogale, ta tambayi babata. Jikokin nata biyu, ta ce, ɗaya yana su a tafki kamar kakansa, ɗayan yana ban ruwa a garkar ɗan Alhaji, ana biyansa.