Yoyon Ƙarƙashin Marmara

Kwana goma sha tara suka rage wa iƙamata, takardar zamana a Saudiyya, a lokacin, kuma mutum shida ne rataye da ita: ni, matata, da 'ya'ya huɗu. Biyu daga cikinsu suna makarantar da ba ta riƙe yaro idan takardar ubansa ta mutu. Amincewar mutum ɗaya ake jira, kafilina, ɗan ƙasar da ya tsaya mini, wanda shagona ke ƙarƙashin sunansa. Shi kuwa ya ce kada in sake ɗaga masa maganar sai ranar da allurar agogon tukunyar ruwan zafin gidansa ta daina sauka.

Sana'ata saye da sayar da tsofaffin kayan ruwa ce a unguwar Kurayyat ta Jidda: injin tura ruwa sama, tankuna, tukwanen ruwan zafi. Da baro na fara, ina bin gidajen da ake rushewa. Ita wannan tukunyar a hannun wani Bature mai komawa gida na same ta. Da gas take aiki, kuma aiki biyu take yi. Tana ɗumama ruwan famfo nan take, sannan tana zagaya da wani ruwan daban a cikin rufaffen bututu don ɗumama daɓe. A Jidda, inda bango kansa ke gumi, wa zai nemi wannan? Shekara guda tana shan ƙura a shago, sai ga kafilina da maganar mahaifiyarsa. Ciwon gaɓoɓi ya kama Hajiya, sanyin marmarar banɗaki na hawa mata har ƙugu. Na sayar masa, na kawo masu aiki suka shimfiɗa bututu, aka mayar da marmara.

Wata bakwai shiru. Daga nan allurar agogon da ke gaban tukunyar ta fara sauka. Wurin zamanta ɗaya da rabi ne. A ƙara ruwa da safe, kafin la'asar ta sauko ƙasa da ɗaya, washegari tukunyar ta ɗauke wuta.

"Ya Hajji, ruɓaɓɓen kaya ka sayar mini," in ji kafilina.

"Allah ya ja kwana, ka ba ni kwana uku."

"Na ba ka. Kwanakinka ne ke tafiya, ba nawa ba."

Rufaffen ruwa ba ya ɓacewa haka kawai, akwai ƙofar da yake bi. Na fara da ƙofofin da ke kusa. Na ɗaura leda a bakin bututun da ke zubar da ruwa waje idan matsi ya yi yawa, na dawo bayan azahar, ledar a bushe. A cikin tukunyar akwai wani jan tulu mai iska da ke karɓar kumburin ruwa idan ya yi zafi, yana da bawul irin na taya. Na danna shi da farce. Da ruwa ne ya fito, da na ce tulun ya fashe. Iska ce ta fito. Na bi kowace mahaɗa da takarda, ba danshi. Sai gwaji na ƙarshe: na cika ruwa, na rufe makullai biyun da ke raba tukunyar da bututun daɓe, na yi wa gilashin agogon alama da biro. Washegari allura tana kan alamar, ko gezau. Ina buɗe makullan ta sunkuyar da kai.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Kayana lafiyarsa ƙalau, yoyon yana ƙarƙashin marmara. Daɗin bai kai ni ƙasan bene ba, domin na tuna abin da ke ƙarƙashin banɗakin Hajiya. Ɗakin mai gadi ne.

Mai gadin nan Bahaushen Sudan ne, dattijo, ya fi shekara talatin a gidan nan na unguwar Bani Malik. Lokacin da na sauka Jidda ba ni da kowa, shi ya shimfiɗa mini tabarma a wannan ɗakin har wata huɗu, shi kuma ya kai ni gaban kafilin ya ce ya tsaya mini. Baba nake ce masa.

"Baba, silin ɗinka yana ɗiga?"

"Ina fa! Ya fi maƙogwaron mai azumi bushewa."

"Bari in leƙa."

Ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi. "Ɗakin gwauro ne, ɗana. In ka shiga sai ka raina ni. Zauna in kawo maka shayi."

Na zauna. Ina shan shayin idona ya faɗa kan magudanar tsakar gida. Simintin bakinta ya rine ja-ja. Na san launin, ni na zuba maganin hana tsatsa a bututun da hannuna. Wani yana tarar ruwan nan a mazubi yana kwararwa kullum.

Na nuna masa da baki. Ya dubi wurin, sannan ya ɗaga labule.

Baho ne a tsakiyar ɗakin, ruwa na sauka a cikinsa ɗigo-ɗigo. An ja gado can gefe. A kan gadon wani mutum ne kwance, bakinsa a karkace, idanunsa na bina. Ƙanen Baba ne. Aikin Umara ya zo yi shekarun baya ya zauna, yana dako a kasuwa ba takarda, har ɓarin jikinsa ya shanye. Shekara biyu ke nan Baba na ɓoye da shi, yana juya shi, yana masa wanka, mai gida bai sani ba. Wata guda ruwa na zuba a kansu bai faɗa wa kowa ba, domin mai gyara yana shiga da idanunsa.

"Kai ka san kan abin nan," in ji Baba. "Ka nemo masa wata hanya."

Na nema. Na rufe makullan daɓen, na ce wa kafili na gyara. Allura ta tsaya cak, ruwan zafi na zuwa famfo. Kwana biyu ƙaryar ta yi. Hajiya ta sa aka kira ni, tana bayan ƙofa tana magana.

"Kai, ɗan nan, agogonka ya ce an gyara, ƙafata ta ce ba a gyara ba. Ni ƙafata na sani tun kafin a haife ka."

Sai na faɗa wa ɗanta rabin gaskiya: akwai yoyo, a ɗaga marmara biyu daga sama. Ya ce sam. Irin marmarar ta ƙare a kasuwa, kuma ba za a hana tsohuwa banɗakinta ba. Kowa a garin nan ta ƙasa yake fasawa, ta silin ɗin mai gadi, wa ya damu da silin ɗin mai gadi? Kuma shi mutum ne da ko ƙusa za a kafa masa sai ya ɗauko kujera ya zauna a wurin.

"Ranar Asabar," ya ce. "In ba ka iya ba, halas, shi ke nan, in kira kamfani, kai kuma ka nemi wani kafilin."

Saura kwana tara iƙamata ta mutu.

Baba ya same ni a shago da hantsi, abin da bai taɓa yi ba. Ya dubi ɗakin ajiyata na baya, inda tankuna ke jere.

"Kwana biyu kawai, ɗana. Ka sa ƙanen nawa a motarka tsakanin tukwanen nan, har a gama gyaran. Ba ya magana, ba ya motsi. Ya fi kayanka sauƙin ajiya."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. A makon nan sau biyu masu bincike suka bi layinmu shago-shago. Wanda aka samu da mutum marar takarda, shi da iyalinsa sun gama zaman ƙasar nan. Gida kuwa maƙwabtana bango ɗaya ne tsakaninmu. Na ɗora mutum shida a hannu ɗaya, mutum biyu a ɗayan. Ban daɗe ina awon ba, wannan ne abin da har yau ba na son tunawa.

"Baba, ba zan iya ba."

"Wata huɗu ka yi a ɗakina, kai ma ba takarda."

"Na sani."

"To, madalla da ka sani." Ya gyara hularsa. "Ka gai da yara."

Ya zagaya wajen 'yan uwa a unguwar Hindawiyya, kowa ya ba shi irin amsata, sai dai su sun fi ni iya lulluɓe ta. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya hau bene da ƙafarsa ya faɗa wa mai gida. An ce kafilin ya yi kuka, amma ya ce ba zai iya kwana da wannan a gidansa ba. Baba ya miƙa ƙanensa ga hukuma don a mayar da shi gida, ya ajiye aikinsa ya bi shi, domin ba wanda zai juya shi a hanya. Sudan suka nufa, ƙasar da mutane ke gudowa daga cikinta.

Ranar Asabar na shiga ɗakin babu kowa, sai gado da bahon. Muka fasa silin, kafili na zaune a kujera. Hujin bai kai ƙwayar gero ba, wani ɗan tsinin ƙarfe ne da mai daɓe ya bari yana gugar bututun. Kafin a kira azahar mun yanke, mun haɗa, mun cika ruwa. Ba kwana biyu ba, rabin wuni ma ya isa a ajiye mutumin.

Allura ta tsaya a ɗaya da rabi. Ranar Litinin aka sabunta iƙamata, saura kwana huɗu ta mutu. Yarana sun ci gaba da karatu, babbar ma ta gama. Na kira lambar Baba sau uku, ana ɗauka a kashe, daga baya lambar ta daina shiga. Ban san ko sun isa ba.

Mutum shida na tsare, mutum biyu na saki, ɗaya daga cikinsu shi ne ya fara shimfiɗa mini tabarma a ƙasar nan. Na sha maimaita awon nan, kullum hannun shida ne ke rinjaye, amma ban taɓa iya kiransa riba ba.