Sallama Kafin Gogewa

Yau da safe wani mara kunya ya share shafin da Malam ya rubuta a kan irin hatsinmu a kundin sani na intanet. Ko uffan bai ce wa kowa ba. Shekara guda ke nan da rasuwar Malam, tsohon malamin lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, a Matameye, wanda ya koya mini wannan aikin sa-kai na gyaran kundin.

Ba ya taɓa rubutun mutum sai ya je shafin tattaunawa ya gaishe shi, har ya tambayi iyali.

Shekarar da damina ta ƙi, sojoji na mulki, ni da Malam muna zaune a rumfar cajin waya ta tasha, janareto na hayaƙi. Na ga wani ya rubuta a kundin wai mazan garinmu sun gudu Najeriya sun bar mata da yunwa. Raina ya ɓaci, na kai yatsa zan goge. Malam ya riƙe hannuna, tafinsa kaushi, bakinsa ja da goro.

"Ɗana, ka yi masa sallama tukuna?"

Na yi, ina cizon haƙora. Ashe ɗan Tsauni ne, nan kusa da mu, yana dako a Kano, ciwon barin gida ne ya sa shi faɗin haka. Shi da kansa ya gyara.

Yau ɗin nan na mai da shafin Malam yadda yake. Wannan mai gogewa kuwa zagi ya cancanta, ban kuma yafe ba. Amma na rubuta masa sallama.

Malam, Allah ya sa masu tambayar kabari da sallama suka fara maka.