Tambayar da Anti ke yi kafin ta danna kwamfuta

Da safe, kafin in gama sa wa keken ɗinkina mai, Anti mai kwamfuta ta riga ta share ƙofar shagonta, ta goge fuskar kwamfutar da gefen mayafi, ta jera kujeru biyu: ɗaya ta ɗalibi, ɗaya ta wanda ya haife shi. Bango ne kawai tsakaninmu, shekara da shekaru. A wurinta unguwarmu ke duba sakamakon jarrabawar shiga jami'a.

Tana da wani hali da ya sha ba iyaye haushi. Ba ta danna komai sai ta dubi uwa ko uba ta ce, "Kafin mu ga maki, faɗa mini abu ɗaya da yaron nan ya iya." Mutum gabansa na faɗuwa, ita kuwa ta naɗe hannu abinta, ko za a yini.

Ba na manta wani direban babbar mota da ya zo da 'yarsa. Tun daga bakin titi nake jin faɗansa, wai in makin bai kai ba, karatu ya ƙare ke nan. Yarinyar ta zauna a gefen kujera, kai a sunkuye. Anti ta yi tambayarta.

"Ni maki na zo gani, ba hira ba," in ji shi.

"Malam, makin ba gudu zai yi ba."

Ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Da uwarta ta kwanta asibiti ina kan hanya, ita ta riƙe gidan. Ƙannenta ko makara zuwa makaranta ba su yi ba." Yarinyar ta ɗago ta dube shi. Ashe bai taɓa faɗa a gabanta ba.

Anti ta danna. Makin bai kai ba, kaɗan ya rage. Ni kaina sai da na tsayar da keke. Direba ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya ce, "Anti, yaushe ake sake rubutawa?"

Shekarar da ta biyo baya, yarinyar ta ci. Kwanaki ta kawo mini ɗinki, ta ce wallahi ta manta nawa ta samu a karon farko, amma maganar babanta tana nan a kunnenta. Har raina na ji daɗi.

Yanzu Anti za ta rufe shago, ido ya gaji, kuma kowa a wayarsa yake dubawa. Anti, ke ce mai sanyaya zuciyar iyaye, ke kika mayar da yara da yawa gida ba tare da tsoron gidan ba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma iyaye, waya ba za ta yi muku tambayar Anti ba. Ku yi wa kanku, ku amsa da ƙarfi yaron ya ji, sannan ku danna.