Tumakin Tilde a Bakin Iyaka

Mathilde Kindt, wadda duk ƙauyenmu ke kira Tilde, makiyayiya ce mai tumaki ɗari uku da arba'in, karnuka biyu, da keke ɗaya da ya girmi wasu 'yan sandanmu. Gidanta ne na ƙarshe a Holland. Idan ka fita ƙofar garkenta ka hau ganuwar ƙasar da ke tare mana ruwan teku, za ka tarar da turken ƙarfe, daga nan kuma Beljiyam ce. Ciyawar da tumakinta ke ci tana can ɓangaren maƙwabta, a fadamar gishiri da ke bayan ganuwa, wadda teku ke rufewa idan ya cika, ya sake ta idan ya janye. Gaba da fadamar, hasumiyoyi biyu na tashar nukiliyar Beljiyam ke ta fesa tururi sama.

Ubanta ya yi kiwo a fadamar nan tun babu tashar. Tilde tana yarinya aka zo da motocin gini, kuma takan ce ita da tashar tare suka tsufa, bambancin kawai ita ba a yi mata faci. Ta yi aikin masaƙa, ta yi aure, mijinta Eduard ya rasu, sai ta koma ga garken uban. Ƙanenta Kamiel, tsohon direban bas, shi ke zaune da ita yana dafa dankali yana mita. Filinta na gida ba zai ciyar da fiye da tunkiya ɗari ba. Sauran ɗari biyu da arba'in sun dogara ne da takardar izinin kiwo da wani ofishin Beljiyam ke sabunta mata duk shekara, ta hannun wani jami'i, Firmin Roels, mutumin da ya sha kofi a kicin ɗinta fiye da wasu danginta.

Rigimar ƙasashen biyu kuwa kowa a nan ya haddace ta. Namu su ce tashar ta tsufa, kuma iska ba ta san iyaka ba, a rufe ta. Na can su ce ku ma kuna da taku tsohuwar, kuma idan sanyi ya yi tsanani wurin wa kuke sayen wuta? An raba mana ƙwayoyin aidin, maganin kariya daga gubar nukiliya, gida gida, na can suka ce tsorata jama'a ne. Tilde tana cikin masu son a rufe tashar, ba ta ɓoye ba. Amma tambayarta ɗaya ce a kowane taro: idan abin ya faru, ina za ta kai tumaki? Ba a taɓa ba ta amsa ba.

Da aka gaji da jifan juna da magana a jaridu, sai aka amince a yi atisaye na haɗin gwiwa a bakin iyakarmu, a nuna wa duniya yadda za a kwashe mutane idan guba ta fita. Aka kira taro a zauren ƙauye. Kujera casa'in aka jera, mutum ɗari da goma sha ɗaya muka zo.

Hanyar fita daga fadama biyu ce. Ɗaya gangara ce a ɓangaren Beljiyam, ɗaya kuma daidai turken iyaka, ita ke kaiwa garken Tilde. Firmin ya miƙe ya ce tasu za ta kasance a kulle ranar, domin ta nan motocin manyan baƙi za su bi. Sjaak Dobbelaer, shugabanmu na 'yan kwana-kwanan sa-kai, ya ce ta wajen turke za a kafa tantin wanki, kuma bisa tsarin Holland ba abin da zai tsallako daga can sai an wanke shi an auna ko da guba a jikinsa.

Tilde ta ɗaga hannu. "Ranar teku zai cika da la'asar. Duk kun sani."

Sun sani, ba wanda ya musa. Firmin ya ce ai Holland ce ya kamata ta buɗe tata. Wakilin lardinmu ya ce filin na Beljiyam ne, tumakin da ke cikinsa matsalar Beljiyam ce. Suka yi ta wannan har kofi ya huce. Daga ƙarshe Firmin ya juyo gare ta, ya sassauta murya.

"Tilde, yini ɗaya ne. Ki kulle su a garke. An ce mini in gaya miki a gaban mutane: idan tunkiya ɗaya ta shiga hoton 'yan jarida, babu izinin kiwo baɗi."

"Wa ya ce?"

"Na sama."

"To ka gaishe su."

A gida Kamiel ya tasa ta gaba. Ita ta ba mu labari daga baya, tana kwaikwayon muryarsa.

"Yaya, don Allah ki rufa mana asiri. Ga busasshiyar ciyawa nan fal a rumbu. Yini ɗaya!"

"Kamiel, ranar da wancan abin mai hasumiyoyi zai yi tari da gaske, aiko mini zai yi tun ana saura mako, ya ce Tilde ki shigar da tumaki?"

"Wasa ne za su yi, Yaya. Wasan kwaikwayo."

"Sun ce gwaji ne na yadda za a same mu. To a fadama za a same ni. Can nake kullum."

"Idan suka karɓe takardar, me tumakin za su ci? Taurin kanki?"

"Juya dankalinka, yana ƙonewa."

Ranar atisaye ina cikin masu riƙe mesa a tantin wanki, mu goma sha huɗu, cikin fararen riguna masu rufe har fuska. An kawo mutum sittin da za su yi kamar guba ta shafe su. A kan ganuwa an shirya rumfar manyan baƙi, tutoci biyu, kyamarori tara, da dogon tebur na burodi da cuku. Tun da safe, kafin a ɗaure jan ƙyallen da ya tare hanya, Tilde ta riga ta gangara fadama da garkenta kamar kullum. Kowa ya gan su can nesa, fari fat a cikin kore. Kowa ya yi kamar bai gani ba, kowane ɓangare na jiran ɗayan ya fara magana.

Jiniya ta yi kuka. Muka wanke mutanenmu sittin, aka tafa. Wakilan ƙasashen biyu suka yi musabaha, suka sake yi don wani mai hoto bai samu ba. Ana cikin haka ruwa ya fara cika kwararo-kwararon fadamar. A nan teku ba ya zuwa da hayaniya. Sai dai ka ga wurin da ka taka ɗazu ya zama tafki.

Sai ga ta tafe. Tilde a gaba da sanda, don tumakinta bin ta suke, ba kora ake yi musu ba. Karnuka biyu a gefe, garke a baya kamar an zubo shi. Na ƙarshen layin ruwa ya riga ya kai musu gwiwa.

Firmin ya sauko daga rumfa da gudu, tayen wuyansa na lilo. "Tilde! Tsaya daga nan! Bari a gama jawabi, sai in nemi a buɗe miki tamu!"

"Ka gaya wa teku ya jira jawabi."

"Kin san abin da kike jawo wa kanki?"

"Na sani. Kauce, Firmin, kada Greet ta taka maka takalmi." Greet ita ce tsohuwar tunkiya mai ƙararrawa, wadda sauran ke bi.

Ta iso jan ƙyalle. Sjaak ya tsaya a gabanta, ya buɗe hannuwa, muryarsa na fitowa ta cikin abin rufe fuska kamar daga cikin tulu.

"Maƙwabciya, doka ce. Daga can kike. Ba mai wucewa sai an wanke shi."

"Sjaak, ni na ba uwarka ulun da aka saƙa maka hular farko. Yau ni za ka wanke?"

"Ba ni na rubuta ba."

Ta dube shi, ta dubi rumfa inda manya suka yi cirko-cirko, sannan ta ɗaga murya yadda kyamarori tara za su ji.

"To ku wanke mu! Ni da su. Ku ne kuka ce haka za a yi ranar gaskiya. Ga mu nan, ɗari uku da arba'in da ɗaya. Ku fara!"

Ta ɗaga ƙyallen da sandarta, ta shige tantin da kayanta a jiki, Greet na biye. Sjaak ya tsaya jim, ya waiga rumfa ko wani zai ba da umarni. Umarni bai zo ba. Sai ya ce, "Ku buɗe ruwa."

Muka buɗe. Tantin an yi shi ne don mutum biyu a jere, sai ga tumaki shida shida. Na sa mesa a kafaɗa ina ƙirga. A ta tamanin turakun tantin biyu suka tuge. A ta ɗari da hamsin wani reshe na garken ya ɓalle ya haye rumfa, teburin burodi ya kife, wakilin Beljiyam da namu suka ɗare kujeru biyu maƙwabta. Daga can saman ma ba su fasa ba.

"Kun ga tsarin naku!"

"Tumakin daga ƙasarku suka fito!"

Kamiel, wanda ya rantse ba zai leƙo ba, yana bakin garke ya wangale ƙofa yana ihu, "Nan, 'yan banza, nan! Ba ku san gidanku ba?"

Na ƙirga ɗari uku da talatin da tara. Na sake dubawa. Can ƙasan gangara wata gurguwar tunkiya ta maƙale a laka, ruwa a wuyanta. Kafin mu ajiye mesa, Firmin ya faɗa ruwan da kwat ɗinsa, ya rungumo ta, ya hauro yana haki. Ya dire ta a gaban Tilde.

"Ɗari uku da arba'in," in ji shi. "Kuma kin rasa fadama. Ba ni da yadda zan yi."

"Na ji. Zo ka sha kofi, kana rawar ɗari."

Haka aka yi, aka karɓe mata izinin kiwo. Jaridun Beljiyam suka ce Holland ce ta turo ta ta kunyata su. Namu suka ce ga shaida tsarin maƙwabta ba ya aiki, suka manta tantin wa ya faɗi. Masu fafutukar rufe tashar suka zo da hotonta a jiƙe za su buga a allo. Ta ce su buga na Greet, ita ba ta takara.

Da kaka ta yi, Firmin ya dawo da tayi. Ofishinsu zai mayar mata da izini idan ta sa hannu cewa ta yi kuskure, kuma 'yan Holland ne suka zuga ta. Ina wurin, na kawo mata gishirin lasa buhu huɗu. Kamiel ya ajiye cokali yana kallon bakinta.

"Ba wanda ya zuga ni," in ji ta. "Kuma kuskuren ba nawa ba ne. Sun rubuta inda zan kai tumaki ranar gaskiya?"

"Ana nazari."

"Idan sun gama, su zo da takardar da ta faɗi wurin. Ita zan sa wa hannu."

"Yaya..." in ji Kamiel.

"Ci abincinka."

Kafin sanyi ta sayar da tunkiya ɗari da ashirin. Ta tsaya da kanta aka loda su a mota, ba ta bar kowa ya lallashe ta ba. Sauran ɗari biyu da ashirin kuwa, manoma bakwai na ƙauyenmu suka buɗe mata gonakinsu bayan girbi, na takwas ma ya bi, kuma shi ɗan Beljiyam ne. Yanzu yawo take da su gona gona, a kan kwalta, cikin ruwan sama, tana da shekara sittin da takwas. Motoci na jeruwa a bayanta. Jiya na ƙirga goma sha bakwai, har da ta wakilin lardi, direbansa na danna oda. Tilde ko waigowa ba ta yi ba.