'Ya'yan Ruwa da Barandar Tayil

Ni ba mutumin tatsuniya ba ne. Faci nake yi a bakin titi wajen Gonin Gora, bayana ya gaji, boko kuma tun a firamare muka rabu. Amma da hawan jini ya taɓa hannun daman matata Laraba, har ta kasa ɗaga kofin wanka, shawar gidanmu kuma sai ɗiga take kamar hancin mai mura, na yi ta tuna kakata. Laraba ta ce gara ta kwana da datti da a riƙa zuba mata ruwa kamar jaririya. Ko da ni ne mai zubawar.

Kaka uwar babana ce. An ɗauko ta daga ƙauye lokacin da Baba ke aiki a masaƙa a Kakuri, muna cushe a gidan haya. Da yamma in an sauke tuwo, ba ta yarda garwashi ya mutu a banza. Sai ta tura rogo cikin toka, mu kewaye ta don jin tatsuniya, har da 'ya'yan Ibo maƙwabtanmu da rogon ne kawai ke kawo su. Hausarta a karkace take. In kalma ta ɓace mata sai ta toshe ramin da yarenmu.

"Ga ta a hannuna, wa ke so?"

"Sake ta, Kaka!"

"To. Wanda ya taɓa rogon nan kafin in gama, shi ne kurar ciki."

Tatsuniyar da ta fi zama a kaina babu ma kura a cikinta. Wai Uwar Ruwa ce ke zaune a kan wani dutse da 'ya'yanta masu yawa, a ƙasa kuma wani ƙauye na fama da ƙishi. Dattawa suka hau suka roƙe ta. Ta ce ta yarda, amma a yi mata hanya, don ba ta tafiya sai da 'ya'yanta duka.

Aka fara haƙa. Da aka iso gonar farko, mai gona ya ce accarsa ta kusa nuna, a ɗan kewaya. Aka kewaya. Na gaba ya ce nan kakansa ya dasa ɗorawa. Aka kewaya. Wani ya ce a bi ta gefen tasa, amma a matse. Uwar Ruwa ta taso, duk kwanar da aka sha sai ɗa guda ya ce, "Inna, na gaji," ya zauna a wurin. Kaka na kwaikwayon muryarsu tana langaɓe wuya, mu yi ta dariya. Autan kaɗai ya isa ƙauyen, ramamme, ko akuya bai ƙosar ba.

Dattawa suka ce fushi take, ba a girmama ta ba. Suka tara duwatsu suka ƙara mata tsayin wurin zama. Ta leƙo ta ce, "Kun ɗaga ni, na gode. Hanyar fa?"

A ƙarshe mai gonar farko ya ɗauki fartanya ya keta accarsa da kansa, yana yi yana hawaye. Sauran suka ji kunya suka bi. Ruwa ya sauko da gudu. Sai Kaka ta kaɗe zani ta ce, "Tatsuniya ta mutu a nan. Ku tono rogona, 'yan banza."

Gidana na Kamazou, kamar na kowa a layinmu, a hankali ya girma. Ɗaki ɗaya, sai kicin, sai kejin kaji, bayi na ciki ya zo daga baya. Duk abin da aka ƙara, fayif ɗin ruwa ya kewaye shi. Da ciwon Laraba ya zo, na yi abin da kowa ya ce: na kira mai walda ya ƙara wa ƙafar tankin ruwanmu tsayi. Ɗigar ta ɗan yi sauri, shi ke nan. Na cire kan shawar na wanke yashin bohol da ya toshe ramukan. Har yanzu ko kumfa ba ta ɗaurayewa.

Na je shagon Chidi a Kakuri, abokin wasana tun zamanin rogo, yanzu kayan famfo yake sayarwa. Na ce injin tura ruwa nake so.

"Da wace wutar, Bulus? Wadda ke leƙo ku ta koma? Fayif ɗinka wane iri ne?"

"Rabin inci."

"Tun daga tanki? Kai, wannan ai tsinken shan lemo ne. Sa inci ɗaya, ka miƙe shi. Ko taya kaɗai kanka ya sani?"

Na dawo na bi fayif ɗin da ƙafa. Ya kewaye keji, ya lanƙwasa bayan kicin, ya zagaye baranda kaf kafin ya shiga bayi. A nan muryar Kaka ta faɗo mini: Inna, na gaji. Hanya miƙaƙƙiya ɗaya ce, ta tsakiyar baranda. Barandar nan kuwa ita kaɗai ce abin kallo a gidan. Tayil muka sa mata lokacin bikin 'yarmu, nan matan zumunta ke zama in sun zo daga coci.

"Kada ka taɓa mini tayil," in ji Laraba. "Tsufa ne ko hauka?"

"Duka biyun."

Ta sa aka kawo mata kujera, ta zauna tana kallo ina dukan tayil da guduma, tana tsaki. Mai gyaran famfo ya shimfiɗa babban fayif, muka rufe da siminti. Tabon na nan, baƙi, daga wannan gefe zuwa wancan. Ba kyau. Ba zan ce da kyau ba.

Da ina yaro na ɗauka labarin marowata ne. Yanzu ban ga laifin manoman nan ba. Acca tasu ce, ɗorawa ta kakansu ce. Tara duwatsu ya fi sauƙi, don ba ya taɓa abin da kake so. Ni ma tankin na fara ɗagawa.

Ranar da simintin ya bushe, na buɗe shawar, ruwa ya bugi ƙasa har ya fantsamo mini a wando. Laraba ta shigo da tawul a kafaɗa, ta dube shi, ta dube ni.

"To me kake jira? Fita mana."

Na fita. Ina tsaye a kan tabon, na ji ta tura sakata da hannun hagu.