Kitso Na Uku

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni ce mai shagon gyaran gashin da ake yayi a bakin titin Kankia, kusa da inda motocin Kano ke tsayawa. Na yi zama a Kano wajen ƙanwar babanmu, can na koyo sana'ar, na dawo gida da na'urar busar da kai, da abin miƙe gashi na lantarki, da robobin man saki da muke kira rilaksa, da kuma girman kai wanda ya fi duk kayan nauyi. Ban yi aure ba tukuna, ga ƙuruciya ga baki. Mace ta shigo shagona da kitson gargajiya, sai in dube ta sama da ƙasa in tambaye ta daga wane ƙauye mota ta zubo ta. A wurina duk gashin da bai kwanta ya yi santsi ba, bai waye ba. Na rubuto muku ne don na gaji da riƙe abin a cikina, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Mu biyu ne mata a ɗakinmu, ni da Yayata, kuma ita ta raine ni bayan rasuwar Innarmu. Tana aure a Kusada, gidan manoma masu sayar da gyaɗa. Lokacin da Inna ta rasu ina ƙarama, Yaya ce ta shiga ɗakin wanka tana zuba ruwa, kuma ba ta gajiya da ba ni labarin abin da ta gani. Ta ce tsohuwar da ta yi wankan ta tsefe kan Inna, ta wanke shi, ta raba gashin gida uku kamar yadda ake yi wa mace mamaciya, ɗaya dama, ɗaya hagu, ɗaya a tsakiya, ta kitse su ta kwantar a bayanta. Ta ce ba ta taɓa ganin Inna ta yi kyau irin na ranar ba. Tun daga nan, in aka yaba gashin Yaya, sai ta ce ita ba don miji take gyaransa ba, ba kuma don biki ba, tana tanadi ne don masu wankanta su samu abin kamawa har uku. Mu ce mata ta daina wannan mugun fata, ta yi dariya ta ce mutuwa ai rigar kowa ce.

Gashin nan ba a banza ta same shi ba. Bayan haihuwarta ta fari da wankan jego, ya zube har gaban kanta ya fara haske. Wata malamar makaranta da ke maƙwabtaka da su ta nuna mata yadda ake naɗe gashi a jikin rola a bar shi ya bushe da kansa, ba tare da an kai masa wuta ba. Yaya ba ta da rola, sai ta shiga bayan gida ta yanko karan dawa, ta gutsuttsura shi tsawon yatsa, ta kankare da wuƙa har ya yi sumul. Duk Juma'a da hantsi sai ta wanke kai da sabulun salo, ta shafa man shanun da take saye wajen matan Fulani, ta naɗe gashin kaɗan-kaɗan a jikin karan ta ɗaure da zare, ta zauna ƙarƙashin bishiyar bedin da ke tsakar gida tana ɓarar gyaɗa har ya sha iska. Sannu a hankali gashi ya dawo, baƙi wuluk, mai laushi, in ta warware shi sai ya sauko kafaɗa yana lanƙwasa. Ni kuwa abin kunya yake ba ni, a ce yayar mai shago tana yawo da kara a ka. Na sayo mata rola na roba, ta karɓa ta yi godiya, tana sa su a gefe da gefen kai, amma tsakiyar sai kara, wai shi ya san kanta. Nakan tsokane ta in ce ta ɗauko dangar gidan ta ɗora a ka.

Ranar yinin bikin ɗiyarta ta fari na isa Kusada da sassafe da jakar kayan aikina, na riga na rantse cewa uwar amarya ba za ta fita gaban dangin ango da gashin kara ba. Na same ta ta gama tsifa, ta sossoshe kai. Duk wadda ta yi wata guda a shago ta san ba a sa rilaksa a kan da aka sosa, ni ma na sani. Yaya ta ce in bar ta, kanta bai san wuta ba, bai san man kanti ba, kuma ita uwar 'yar fari ce, wa zai ma gan ta. Sai na ɗaga murya a gaban matan da suka cika tsakar gida, na ce to lallai, mata na biyan kuɗin mota tun daga Kunduru su zo wurina, amma yayata uwa ɗaya uba ɗaya ta raina hannuna. Ta dubi matan, ta dube ni. Sai ta zauna a tabarma ta zame ɗankwalinta.

Na lafta mata rilaksa mai ƙarfin, wanda nake sa wa masu taurin gashi, na fi cika shi a tsakiya inda gashin ya fi yawa. Na ce mata in ta ji ya fara zafi ta yi magana. Daga nan ƙawayen amarya suka ja ni ɗaki, wannan a ɗaura mata kallabi, waccan a gyara mata gira, ana shewa ana yaba ni, har na manta na bar mutum a waje. Abin da ban lissafa ba shi ne wace ce na bari, kuma a gaban su wa. Yaya tana zaune ne tsakiyar dangin mijinta da surukan da suka fara isowa, ga kunyar 'yar fari da ta hana ta ko ɗaga murya a ranar. Da na fito na tarar ta damƙe bakin tabarma da hannu biyu, zufa na bin wuyanta, idanunta sun kaɗa. Na tambaye ta me ya hana ta kira na. Ta ce ta ga ina da aiki, kuma ba ta so a ce ƙanwarta ba ta iya ba. Hawayen kuma, wai hayaƙin murhu ne.

Da na zuba ruwa, gashi ya riƙa biyo yatsuna. A nan ya kamata in tsaya in ce na yi ɓarna, a nemi mota a tafi asibiti. Amma idanun mata na kaina, sai na ce ai haka yake yi, mataccen gashi ne ke fita. Babu wutar lantarki, don haka na ɗora matajin ƙarfe a kan gawayi, na shafa mai a abin da ya rage, na bi shi da matajin don in kwantar in rufe wurin. Ya yi cuu, hayaƙi ya tashi. Wata tsohuwa daga wajen tukwane ta ɗaga murya tana tambaya wa ya fara babbakar kan rago ba a gaya mata ba. Gida ya ɗauki dariya. Na yi dariya, wallahi na yi, ita ma Yaya ta murmusa. Na ɗaura mata gwaggwaro babba a kai, aka yi biki aka tashi, kowa na cewa uwar amarya ta fito.

Tsakiyar kan ya kumbura, ya yi ruwa, ya yi ɓawo. Da ƙyar ta yarda aka kai ta asibiti, inda aka ce mata saiwar gashin wurin ta mutu. Da ya warke, sai fata ta fito sumul kamar tafin hannu, tun daga gaba har kusa da ƙeya. Ta gaya wa mijinta da kowa cewa wani ciwon fata ne ya kama ta. Ba ta sake cire ɗankwali a gaban mutum ba, har barci da hula take yi. Maganar masu wanka da abin kamawa kuwa, ban sake jin ta a bakinta ba. Duk sanda na je Kusada na fara kame-kame zan ɗauko zancen, sai ta tambaye ni ko na ci abinci, ta turo mini kwanon fura. Ni kuma in karɓa da sauri, har ina jin daɗi a raina. Ita kara take yi mini, irin karar da mutanenmu ke yi, a cuce ka ka haɗiye don kada wanda ya cuce ka ya ji kunya. Ni ma na riƙa gaya wa kaina kara nake yi mata da ba na tono zancen, alhali tsoro ne kawai. Duk Juma'a kuma tana nan ƙarƙashin bedi, ta sa mayafi ta rufe, tana naɗe ɗan abin da ya rage a gefe da gefe.

Bayan wasu shekaru, cikin damina, ta kwanta ciwo na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Da yake ni kaɗai ce 'yar'uwarta mace, aka ce in shiga in zuba ruwa. Mai wankan wata dattijuwa ce maƙwabciyarsu. Ta zare hular, sai hannunta ya tsaya. Ta tambaya a hankali ko wuta ce ta taɓa cin baiwar Allah nan. Na sunkuyar da kai na ci gaba da zuba ruwa. Ta wanke kan, ta kitse na dama, ɗan siriri, ta kitse na hagu. Sai yatsunta suka tafi tsakiya kamar yadda suka saba, suka lalluba, suka dawo ba komai. Ta juyo ta dube ni ta ce, tunda an ce gyaran gashi ne sana'ata, ko ina da wata dabara da za a samu na ukun. Na durƙusa a kan Yayata, na tattaro 'yan silin da ke ƙeya, ina kamawa suna zamewa, ina kamawa suna zamewa, har dattijuwar ta dafa ni ta ce in bari, ana jira a waje. Da kitso biyu aka naɗe ta a likkafani.

Na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ba tare da na ce ni ce ba. Ta ce kitso ukun nan abin so ne, ba wajibi ba, rashinsa ba ya rage wa mamaciya komai a wurin Allah. Na yarda, kuma ina roƙon Allah ya sa tana cikin rahama. Amma ƙaurin gashin nan bai bar ni ba. Babbar Sallah ta zame mini azaba, da an fara babbaka a unguwa sai in shige ɗaki in toshe hanci, 'ya'yana na mamakin uwar da ba ta cin kai da ƙafa. Wani lokaci da rana tsaka, ina cikin shago, sai in ji shi ya taso, in bi soket ɗin lantarki ɗaya bayan ɗaya ina shinshinawa, ba abin da ke ƙonewa. Wani lokacin in tsaga kan mace a tsakiya, sai in ga fatar nan mai sheƙi, sai na ƙifta ido gashi ya dawo.

Bayan an yi arba'in, ɗiyarta, amaryar wancan biki, ta zo Kankia da wata 'yar ƙwarya a ƙulle cikin tsumma. Ta ce tun tana kwance mahaifiyarta ta ce a ba ni, ni zan san amfaninsu. Na buɗe, guntayen kara ne, sun yi baƙi sun yi sheƙi saboda man shanu. Har yau ban san ko yafiya ce ta aiko mini ba, ko kuwa ita ce magana ɗaya tak da ta taɓa gaya mini a kan abin. A ranar na gaya wa yarinyar gaskiya, tun daga tabarma har matajin ƙarfe. Ta saurara har na gama. Can sai ta zauna a gabana ta zame ɗankwalinta, ta ce in naɗe mata. Yadda ta zauna ɗin, sak uwarta, shi ya sa ita ma ban san ko ta yafe ba ne ko kara ta gada.

Na zubar da man saki, na ba da abin miƙe gashi. Yanzu rola nake sa wa mata, in ce su zauna iska ta busar, mai gaggawa ta tafi wani shagon. Ina kira ga 'yan'uwana masu wannan sana'a, kada ku ce wa mace ta yi magana in ta ji zafi sannan ku juya baya. Matanmu da yawa ba za su yi magana ba, musamman wadda take ƙaunarku. Ku dubi hannunta, ku dubi wuyanta. Wadda ta ce kanta bai son wuta, ku ƙyale ta, ta fi ku sanin abin da take tanadi. Wanda kuma ya san ya cuci wani aka yi masa shiru, kada ya ɗauka an manta, ya ture kwanon furar ya nemi gafara tun mai yafewar na da bakin amsawa.

Ɗiyar Yaya tana zuwa duk Juma'ar da ta samu mota, gashinta har ya fara taɓa kafaɗa. Nakan raba shi uku kafin in fara naɗi. Na dama da na hagu ina sa musu rola na roba, ba wata wahala. Na tsakiyar da karan uwarta nake naɗe shi, kuma har yau sai ta riƙe mini zaren, don ni kaɗai ba na iya ɗaure shi.